Amaryar Derman Daga Jamus

Sokode, ƙarshen bazara

Zuwa ga taubashiyata Abiratu, a Lome.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. In kin tambaye mu, muna nan kalau, sai zafi da ciwon bayan da kujerar bas ɗin Alaji Gado ta gadar mini. 'Yata Nimatu ta sauka lafiya a Kara, an samu namiji. Ban aiko miki ba, don na san ba kya zuwa suna sai kin ji an ce za a ka da sa. Haka kakanki yake, in ji kakata, kuma ita ta fi kowa saninsa tunda ciki ɗaya suka fito.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar lasina na ɗaukar fasinja, ya kusa ƙarewa. A da, hoto kawai ake kaiwa a buga hatimi. Yanzu an fito da sabon salo, wai sai likita ya duba idon mutum. Ni Derman Akondo! Ni da na fara murza sitiyari tun ba a yi auren uwar likitan ba.

'Yan tasha ne ke ƙara hura wutar, a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwanaki a wajen Bafilo na hango jandarma a bakin titi ya ɗaga hannu. Na tsaya, na sauko da takarduna, na gaishe shi da Faransanci cikin ladabi. Sai fasinja suka fashe da dariya, wai kututturen gwanda ne wani ya shanya wa riga. Don Allah wane mai hankali ne zai shanya riga mai ruwan ƙasa a bakin titi? Sai kuma katangar tasha da na ɗan goga. Ni dai na rantse matso da ita aka yi.

In ana neman abin dubawa, a duba bas ɗin Alaji. Tayoyi sun yi sumul kamar tafin hannu, birki sai ka taka shi kana salati. Ga shi yana so in kai Kara in dawo, in sake komawa, ko ruwa ban sha ba. Na yi magana, ya ce Allah ne ke tsarewa. Na ce ai Allah cewa ya yi tashi in taimake ka. Ya ce to in tashi in ajiye masa makullinsa. Wallahi ya ishe ni. Ga gida ya yi mini faɗi tun rasuwar matata Lamatu, in dawo a gajiye ba mai ce mini sannu sai ƙadangaru.

Na ji ɗan ƙanwar mijinki yana aiki a ofishin lasin. Ki yi masa magana ya buga mini hatimin nan ba tare da an tone mini ido ba. Na ba Fuseni direba wannan takarda, da ƙullin daddawa.

Ki canza biro. Naki ba shi da jini ko kaɗan, wasiƙarki ta bara sai da na fita da ita rana.

Yayanki, Derman

*

Lome, farkon damina

Yaya Derman,

Na amsa gaisuwa, na ga daddawa, na gode, ko da yake ƙullin ya yi kama da hannun mai shi. Barka da samun jika, Allah ya raya. Mu ma lafiya lau, sai ƙafata da ke kumbura in na wuni a rumfar atamfa.

Maganar yaron ofis, ka cire ta daga ranka. Ba zan kai shi inda za a kore shi ba don kai ka ci gaba da gaida itatuwa. Birona kuma lafiyarsa ƙalau.

Amma na yi ta juya sauran maganarka. Ka ce Alaji ya ishe ka, ka ce zaman nan ya ishe ka. To Allah ya kawo mafita, na samo maka mota. Wani abokin maigidana da ke harka a tashar jirgin ruwa ne ya haɗa mu, na je na gan ta da idona. Fara ce tas, daga Jamus ta zo. Ba zan ɓoye maka ba, ta ɗan kwana biyu a duniya, amma jikinta bai nuna ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe ta a can, wani tsohon likita, shi ma rasuwa ce ta raba su. Ba ta da ci. Aibinta ɗaya, tana da nauyin tashi da safe, sai an lallaɓa ta, amma in ta tashi ba ka da matsala da ita har dare. Ta baya kuwa tana da faɗi, masha Allah, za ta yi maka aikin da kake so.

Duk abin da ake nema ni zan yi, kada ka damu da wannan. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba sassauci: ba za ta zo hannunka ba sai likita ya duba idonka ya rubuta takarda. Wadda ta saba da hannun likita ba za a damƙa ta ga mai laluben katanga ba.

Ka yi shawara ka aiko mini.

Ƙanwarka, Abiratu

*

Sokode, damina

Abiratu 'yar albarka,

Lafiya muke, har ciwon bayan ya tafi tun ranar da Fuseni ya miƙo mini takardarki. Ni kaɗai na karanta ta a bayan ɗaki, don irin wannan magana ba a ba wani ya karanta wa mutum.

Na yafe miki duk rowar kakanki. Ashe kina da tausayi haka? Ni da nake tunanin ko bazawarar unguwa ba za ta dube ni ba, sai ga Baturiya, matar likita guda! Maganar shekaru ba komai, ni ma ba jiya aka haife ni ba. Nauyin tashi da safe kuwa, ta yi barcinta, na saba dama kokona. Abin da kika faɗa na ƙarshe game da ita, Abiratu, ki ji tsoron Allah, ba a rubuta irin wannan a takarda. Amma na gode.

Na je wurin liman, ya ce ya halatta. Na faɗa wa Mumuni kamasho a asirce, yanzu duk tasha ana ce mini Angon Jamus. Direbobi sun haɗu sun saya mini rago, yana nan ɗaure. Na sa an shafe ɗakin Lamatu da shuɗin fenti, Allah ya jiƙanta, na san da tana nan ita ma za ta yi dariya. Na sayi cokula masu yatsu. Ƙanin Mumuni, wanda aka koro daga Hambok ta Jamus, yana koya mini gaisuwarsu. Yaren nasu kamar mutum na kakarin ƙashin kifi, amma ina ƙoƙari.

Ki tambayar mini ita: tana cin sakwara? Yaji fa? Wa zai tsaya mata a matsayin waliyyi? Sannan ba ki faɗa mini sunanta ba.

Zancen likita kuma, na gane jininsu ne, su komai sai da takarda. Ki ɗan lallashe ta. Ki ce mata idon da ya kai fasinja Kara shekara da shekaru ba zai kasa ganin hanyar ɗakinta ba.

Naki har kullum, Derman, ango

*

Lome, ranar da takardarka ta iso

Yaya Derman,

Lafiya muke, sai cikina da ke ciwo, don na yi dariya har maƙwabtan rumfa suka zo suna yi mini fifita.

Ka fita rana, ka buɗe idon nan da kyau. MOTA na ce. MO-TA. Mai ƙafa huɗu, mai shan fetur. Ba ta cin sakwara, waliyyinta kuma kwastan ne. Maza ka kwance ragon mutane tun abin bai yi nisa ba.

Ka ga abin da nake faɗa maka? Wanda bai bambance mota da mata a takarda ba, me zai bambance a kan titi? Ka je asibiti, don girman Allah.

Fuseni na sauri, yau ma a daren zai juya.

Abiratu

*

Sokode, tsakiyar damina

Abiratu,

Gaisuwa, tunda addini ya ce a yi. Ina fatan ƙafarki ta saɓe. Ni jikina lafiya. Mutuncina ne ke kwance rai a hannun Allah.

Bari in ba ki labari daga farko, ki ga abin da kika jawo.

Da na ji shiru, mako ya bi mako ba amsa, sai na ce matar nan fushi ta yi don na nemi a ɗaga mini ƙafa. Rago na ta cin dusa, makaɗa na ta zuwa tambayar rana. Na ce to Derman, abin da ba ka yi don gwamnati ba, yi shi don aure. Na shirya zuwa asibiti.

Ban tafi haka kawai ba. Mumuni ya raka wani direba kwanakin baya, ya haddace baƙaƙen da ke kan allon gwajin, ya biya mini su har suka zauna. Likitar yarinya ce 'yar ƙabilar Kabiye, ba ta fi Nimatu ba. Ta zaunar da ni, ta ce in rufe ido ɗaya. Ban jira ta gama ba na kama karatu, tiryan-tiryan tun daga sama har ƙasa, ko numfashi ban ja ba.

Ta ce, "Madalla, Baba. Ko ni ban kai ka ba."

Na ce, "Ai na faɗa musu."

Ta ce, "Sai dai allon yana bayanka. Wannan da kake kallo kalanda ce."

Ta haska mini fitila, ta ɗora mini gilasai kala-kala. Daga nan ta daina murmushi. Ta ce yanar ido ce ta rufe idon hagu, sai an yi aiki, na dama kuma sai da tabarau. Ta ce, "Baba, da idon nan kake ɗaukar 'ya'yan mutane?" Na ce ai hanyar a kaina take, ko a rufe zan bi ta. Ta ce, "Hanya na kanka. Yaron da zai tsallaka ta gobe fa, shi ma yana kanka?" Ta hana ni tuƙi sai bayan aiki.

Ranar da na karɓo tabarau na bi ta tasha. Ashe Mumuni ya yi furfura. Ashe katangar nan tana inda take tun asali. Na zagaya bas ɗin Alaji, na ga wayoyi sun leƙo daga tayoyin gaba kamar gemun akuya. Abin da nake hawa ke nan in gangara tsagin dutsen Alejo da mutane cike! Na kai masa makulli har gida. Ya ce, "Don ka samu Baturiya shi ne kake mini girman kai?" Na ce eh.

Na dawo gida na yi wanka, na zauna a ƙofar shuɗin ɗaki, na ce bari in sake karanta takardar amarya da sabon ido, in ji daɗinta da kyau.

Ba sai na faɗa miki abin da na gani ba. Na cire tabarau, ta koma mata. Na mayar, ta koma mota. Rago yana kallona, ina kallonsa.

Kuma ki sani, laifinki ne. Wa ke yabon mota haka? Ba taya, ba inji, ba kujera, sai fara ce, ba ta da ci? Sannan wasalin naki duk kamar ƙwan ƙadangare suke, ba a gane mai wutsiya da marar wutsiya.

Takardarki mai manyan baƙaƙe kuwa sai shekaranjiya ta iso, tana warin fetur. Ban sani ba ko kin ji, Fuseni ya faɗi. Maigidansa ya sa shi Lome ya dawo, Lome ya dawo, ba barci, har barcin ya zo ya karɓi haƙƙinsa a kan sitiyari kusa da garin Bilita. Suka gangara gonar masara. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ƙafarsa ta karye, wata mata kuma ta rasa haƙora. Yana asibitin Atapame, jakarsa ce aka kawo gida. Maigidan nasa da ya je, gilashin mota ya fara tambaya.

Yanzu ga ni ba aiki, ba mata, ga makaɗa sun sa rana da kansu. Ke kika ɗaura, sai ki kwance.

Derman

*

Lome, damina

Yaya Derman, Angon Jamus,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jaje. Ƙafa da sauƙi. Na karanta wa maigidana takardarka, da aka zo wurin kalanda sai da ya sauko daga kujera.

Ni shirun da na ji, na ɗauka kunya ce ta hana ka rubutu. Ban san abin da ya sami Fuseni ba. Daren da na ba shi takardar na ga idonsa ja wur, har na ce ya kwana, ya ce in ya kwana wani za a ba motar. Na je Atapame na dubo shi, yana samun sauƙi, yana gaishe ka. Ya ce in ka yi auren a ajiye masa cinya.

Da na gan shi kwance sai dariyar ta tsaya mini. Da kai ne fa, a Alejo, inda babu gonar masara? Kakata ta wajen uwa takan ce kunya ba ta kisa. Ka sha kunyarka, mu dai mun gode Allah da ya sa son aure ya kai ka inda hankali ya kasa kai ka.

Ga yadda za a yi. Ka kira Nimatu ta zo ta yi jinyarka, a yi aikin idon. In ka warke ka je ka karɓi lasinka ta ƙofar gaba. Motar tawa ce, tuƙi naka, abin da Allah ya kawo mu raba. Ba tafiyar dare, ba ɗora mutum a kan cinyar mutum, ranar Juma'a kuma a huta, kai da ita. In ka ji barci ka tsaya ka yi, ba mai karɓe maka makulli.

Makaɗa kuwa kada ka sallame su. Ka ce an ɗaga biki sai ido ya warke. Rago ya ci gaba da cin dusarsa. Ɗana Sadiku zai kawo maka amarya har tasha, tunda an yi wa mutane alkawarin fara daga Jamus, kuma ba a yi musu ƙarya ba.

Ka ce ban faɗa maka sunanta ba. Wannan aikin ango ne.

Ƙanwarka, Abiratu

*

Sokode, ƙarshen damina

Zuwa ga Abiratu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mu lafiya lau. An yi aiki, an cire yanar, idon hagu ya buɗe tar, har ya fi na dama rawar kai. Lasi yana aljihuna, da hatimi, ban sunkuyar wa kowa da kai ba.

Sadiku zai ba ki labarin biki, amma yaro ne, zai rage. Na so in shirya mutane a hankali, sai na faɗa wa Mumuni gaskiya, na roƙe shi ya riƙe. Kafin la'asar har masu tallan gyaɗa sun ji. Mako guda ban fita ba sai masallaci, can ma in na yi sujada ina jin sahun baya na tari.

Ranar da amarya ta iso, tun daga mashigar gari direbobi suka tare ta da ham. Matan tasha suka lulluɓe ta da mayafi, suka shafa mata lalle a goshi, ana ta guɗa. Aka ce sai na sayi baki kafin ta yi magana. Na saya, na murza makulli, ta ƙi tashi. Tasha ta kaure, ana cewa amarya na jin kunya. Sai da na lallaɓa ta kamar yadda kika ce. Liman ya yi addu'a yana danne dariya, aka ka da rago. Na aika wa Fuseni cinyarsa, ya fara takawa da sanda. Alaji Gado ma ya zo ya ci nama, ya zagaya ta yana taɓa tayoyi.

Sai dai wata matsala ta ɓullo. Da ba na gani, jarumi ne ni. Yanzu da nake ganin kowane rami da kowane kwari, na zama matsoraci. A sawuna na farko zuwa Kara har mai keke ya wuce ni yana ɗaga mini hannu. A gaba kusa da ni akwai wata mai sayar da wagashi, cukun nonon shanu, 'yar Bafilo, Sakibatu. Matar nan tun daga tasha ta sa ni gaba.

"Direba, gawa muka ɗauko ne?"

"A'a, Hajiya."

"To ko ƙwai? Cukuna zai koma nono kafin mu isa. In tsoro kake ji ka ba ni in tuƙa."

Na ci gaba da rarrafena. Muka hau Alejo ana yayyafi. Kafin babbar kwanar nan sai na hango ɗanyen ganye an jera a kan kwalta, 'yan tsiraru, ruwa ya kwashe rabi. Na taka birki, na bi a hankali kamar mai shiga ɗakin surukai. Muna karya kwana sai ga babbar motar siminti ta mutu, ta gindaya a hanya, dama dutse, hagu kwari. Na tsaya, tsakaninmu da ita bai fi tsawon tabarma ba.

Wani tsoho a baya ya ce a yi salati, aka yi. Ni kuwa na sauka na karyo rassa manya na koma baya na jera, don masu zuwa.

Da muka wuce, Sakibatu ba ta ƙara kushe tuƙina ba har Bafilo. Da za ta sauka ta ajiye mini wagashi biyu a kan kujera. Ta ɗan tsaya, ta ce, "Wai kai ne wanda aka ce ya auri Baturiya?"

Na ce, "Ai a cikinta kika zo."

Ta dubi motar sama da ƙasa, ta taɓe baki. Ta ce, "Ba laifi. Amma wannan ba za ta daka maka sakwara ba."

Tun daga ranar, duk ranar kasuwa ita ke riga kowa kama kujerar gaba, ko da akwai motar da ta riga tawa cika. Har yanzu tana zagin tuƙina. Na ji an ce mijinta ya rasu da jimawa, gidansu yana bayan rumfar masaƙa.

Abiratu, mahaifiyarki 'yar Bafilo ce, ba gidan da ba ku sani ba. Ki bincika mini asalinta a hankali, kuma don Allah kada Mumuni ya ji. Ba sai kin siffanta mini ita ba. Wannan na gan ta da kaina, da ido biyu.

Yayanki, Derman